Filin da ya cika: nazarin wani gandun namun daji a ƙasar Holan

Gandun da wannan nazari ya shafa, mai suna Oostvaardersplassen, yana lardin Flevoland a ƙasar Holan, tsakanin biranen Almere da Lelystad, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Amsterdam. An saki manyan dabbobi kimanin ɗari a cikinsa, aka kewaye su da shinge, aka ce a ƙyale su su yi rayuwar daji, ba mai kai musu abinci, ba mai rage yawansu. Cikin shekara talatin da 'yan kai suka kai 5,230. A hunturu guda 3,226 daga cikinsu suka mutu.

Asalin wurin, 1968 zuwa 1982

A da wurin nan ƙarƙashin ruwa yake. Mutanen Holan sun daɗe da sana'ar ƙwace ƙasa daga hannun teku: su yi datsi, su zuƙe ruwa da injina, su mai da abin da ya bushe gonaki da garuruwa. A 1968 aka gama zuƙe kudancin Flevoland. Ɓangaren da ya fi kwari, wanda ke jikin datsin, an ware shi ne domin masana'antu. Sai dai ruwa bai gama janyewa daga wurin ba, masana'antun kuma ba su zo ba, balle bayan da rikicin man fetur na 1973 ya sanyaya gwiwar masu zuba jari. Kafin a ankara wurin ya zama fadama, iwa ta tsiro ta rufe ko'ina, tsuntsayen ruwa suka yi dafifi.

Daga cikin tsuntsayen akwai wata irin dinya mai ruwan toka, wadda dubun-dubatarta ke sauka a watannin Mayu da Yuni domin zubar da gashin fuka-fukansu. A 'yan makonnin nan ba sa iya tashi, don haka suna ɓoye cikin fadama suna cin ɗanyen tohon iwa. Masana suka lura cewa wannan ci shi ne ke hana iwa shaƙe fadamar baki ɗaya, shi ke barin sararin ruwa da wasu tsuntsaye ke kamun kifi a ciki. Amma dinya na bukatar gajeriyar ciyawa a kan tudu kafin ta shiga fadama da kuma bayan ta fito. Idan tudun ya zama kurmi, dinya za ta ƙaura, fadama kuma ta toshe. Ke nan ana bukatar abin da zai riƙa aske ciyawar tudu.

Faɗin gandun hekta 5,600 ne. Kimanin 3,600 fadama ce, sauran kimanin 2,000 kuma tudu, kuma nan ne kaɗai manyan dabbobi za su yi kiwo sosai. Ƙasar tudun laka ce ta tsohon gindin teku, mai ƙarfin gaske, irin wadda manoman maƙwabta ke samun amfani mai yawa a kanta.

Sakin dabbobi, 1983 zuwa 1996

Wani masanin muhalli da ke aiki da gwamnati, Frans Vera, shi ne ya fi tsayawa kan cewa maimakon a riƙa kawo shanun manoma suna kiwo na ɗan lokaci, a saki dabbobin da za su zauna duk shekara kamar yadda kakanninsu suka zauna a dazukan Turai. Ra'ayinsa shi ne, kafin noma ya zo, Turai ba dunƙulallen kurmi ba ce. A cewarsa manyan dabbobi masu cin ciyawa ne ke buɗe sarari, ƙayoyi su tsiro a sararin, 'ya'yan manyan bishiyoyi su girma a cikin ƙayar inda bakin dabba ba ya kaiwa, a haka ciyawa da ƙaya da bishiya ke ta zagayawa. Ya yi hasashen haka za ta faru a wannan sabuwar ƙasa idan aka ba ta lokaci.

A 1983 aka saki shanu 32 na irin Heck, irin da wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa suka haɗa a shekarun 1920 da 1930 don ya yi kama da tsohon sān dajin Turai wanda ya ƙare a 1627. Jim kaɗan bayan haka aka kawo dawaki kusan 20 na irin Konik, gajeru masu ruwan toka, 'yan asalin Poland. Daga 1992 aka ƙara da jajayen bareyin Turai kimanin 50, manya ne, mazansu masu ƙaho mai rassa. A 1996 kula da wurin ya koma hannun hukumar gandun daji ta ƙasa, Staatsbosbeheer.

Ƙa'idar zaman mai sauƙi ce. Ba a ba su abinci, ba a yi musu allura, ba a maƙala musu lamba a kunne kamar dabbobin gida. Babu kyarkeci ko wani naman daji da zai kama su. Shinge da ruwa da layin dogo sun kewaye su, ba hanyar fita. Abin da zai tsayar da yawansu, in ji masu tsarin, shi ne abincin da filin ke iya samarwa.

Garke ya cika fili, 1996 zuwa 2004

Shekarun farko na yalwa ne. Ciyawa ta fi ƙarfin bakunan da ke cinta, kusan duk macen da ta isa haihuwa tana haihuwa, 'ya'yan kuma suna rayuwa. A irin wannan yanayi garke ba ya ƙaruwa da adadi ɗaya kowace shekara, ninkawa yake yi, domin 'ya'yan bana su ne iyayen baɗi ko na shekarar gaba. Ɗari ta zama ɗari biyu, ɗari biyu ta zama ɗari huɗu, ba wanda ya damu. Amma ninkin da ya kai dubu ɗaya zuwa dubu biyu, tsawon lokacinsa ɗaya ne da na farkon, filin kuwa bai ƙaru da taku ɗaya ba.

Shanu ne suka fara jin jiki. Wajen shekarar 2000 sun haura 500, daga nan suka tsaya, sannan suka fara raguwa alhali dawaki da bareyi na ci gaba da hawa. Dalilin yana cikin bakinsu. Saniya da harshe take naɗo ciyawa ta fizga, don haka sai ciyawar ta ɗan yi tsawo take samun abin kirki. Doki kuwa da haƙoran gaba na sama da na ƙasa yake datsewa, har dab da ƙasa. Barewa bakinta siriri ne, tana tsintar abin da ya rage. Dinya ta zo ta ƙarasa. Idan filin ya koma kamar an bi shi da aska, saniya na iya wuni tana kiwo ba ta cika ciki ba. Shanu suka fara jinkirin haihuwa, maruƙa suka ragu.

Bishiyoyi su ma suka shiga uku. Da ciyawa ta ƙare a hunturu sai dabbobi su koma kan ɓawon itace. Bishiyar da aka ɓare ta zagaye ba ta ƙara rayuwa. Tsirran itatuwa da suka riga suka mamaye wasu sassan tudun tun kafin dabbobi su yi yawa, ɗaya bayan ɗaya suka bushe a tsaye, suka faɗi, kuma babu sababbi masu maye gurbinsu, don duk tohon da ya leƙo sai baki ya same shi. Binciken da masana suka yi ya nuna cewa 'ya'yan itatuwa na rayuwa ne a cikin ƙananan wuraren da aka killace da waya don gwaji. Zagayen ciyawa da ƙaya da bishiya da aka yi hasashe bai bayyana ba. Abin da aka samu shi ne fili fetal, iska na kaɗawa daga tafkin da ke bayan datsin ba abin da ke tare ta.

A nan ƙarfin ƙasar ya taka rawar da ba a yi tsammani ba. Daga Mayu zuwa Satumba lakar nan na fitar da ciyawa mai yawa da za ta ƙosar da dubban dabbobi. Mata su yi ƙiba, su ɗauki ciki. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa sanyi na tsayar da tsiro kusan gaba ɗaya. Garken da watannin yalwa suka haifar, watannin sanyi ba za su iya riƙe shi ba. Duk makiyayin da ya taɓa fitar da shanu daga rani a ƙasar Hausa ya san wannan lissafi: ba a auna makiyaya da ciyawar Agusta, da ta Afrilu da Mayu ake auna ta. Bambancin shi ne makiyayi na da dabara uku, ko ya yi kudu da garkensa, ko ya sayar da wasu, ko ya sayi dusa da harawa. Dabbobin gandun nan ba su da ko ɗaya.

Gwaji na farko: harbin jinƙai, 2005 zuwa 2009

A hunturun 2004 zuwa 2005 ɗaruruwan dabbobi suka mutu da yunwa. Da ma jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Almere da Lelystad ta gefen gandun yake bi, fasinjoji na kallon komai ta taga. Magana ta kai majalisar dokoki, gwamnati ta kafa kwamitin masana na ƙasa da ƙasa, wanda ya miƙa rahoto a 2006. Kwamitin bai ce a rage garken ba. Ya amince abinci ya ci gaba da zama mai yanke hukunci, amma ya ce kada a bar dabba ta mutu a wahale. Ma'aikata su riƙa zagayawa, duk dabbar da suka ga ba za ta kai ƙarshen sanyi ba su harbe ta, kuma burin shi ne kashi 90 cikin 100 na masu mutuwa su zama harbe su aka yi. Wata ƙungiyar kare dabbobi ta kai ƙara tana neman a tilasta ciyar da su, kotu ta ƙi, bisa hujjar cewa waɗannan ba dabbobin da wani ke kiwo ba ne.

Aikin ma'aikacin gandu a watan Fabrairu da Maris ya koma haka: ya fita da mota da bindiga da tabarau mai hangen nesa, ya tsaya daga nesa yana duban ƙugu da haƙarƙari, yana lura da wadda ta ware daga garke, wadda ta sunkuyar da kai ba ta kiwo, wadda ba ta tashi ko an matso. Sai ya yanke shawara. Mushen shanu da na dawaki doka ta ce a kwashe, na bareyi kuwa ana iya barin wasu a wurin. Yanyawa da hankaki suka samu gara. A 2006 ma wata babbar gaggafar bakin ruwa mai farar wutsiya ta yi sheƙa ta ƙyanƙyashe a gandun, abin da aka daɗe ƙwarai ba a gani ba a Holan, kuma masu goyon bayan tsarin sun yi ta nuna wannan a matsayin shaida.

Harbin jinƙai ya gajarta wahalar dabba ɗaya-ɗaya, amma bai taɓa yawan garken ba, domin waɗanda ake harbewa da ma mutuwa za su yi. Masu ƙarfi suna nan, Mayu na yi su sake haihuwa.

Ciyarwa, mafaka, da hanyar da ba a buɗe ba, 2010 zuwa 2012

Hunturun 2009 zuwa 2010 ya yi tsanani. Talabijin ya nuna hoton ramammiyar barewa tana mutuwa, majalisa ta matsa, ministar da abin ya shafa ta ba da umarnin a kai ingirici. Masana da dama ba su so haka ba, kuma dalilansu uku ne. Idan aka zuba abinci wuri guda, ƙarfafa ne ke cinyewa, raunana su sha harbi da tunkuyi. Barewa kuma a hunturu takan rage motsi ta rage bukatar jikinta, tana rayuwa da kitsen da ta tara, don haka tayar da ita da sauya mata abinci farat ɗaya na iya cutar da ita. Na uku shi ne mafi nauyi: duk wadda aka ceta bana za ta haihu, hunturu mai zuwa bakuna su fi na bana yawa a kan fili ɗaya.

Aka kafa kwamiti na biyu, ya ba da rahoto a ƙarshen 2010. Ya ce a riƙa harbi da wuri, tun kafin dabba ta kai ga galabaita, a tanadi mafaka daga iska, a buɗe wasu ƙananan kurmi da ke maƙwabtaka a lokacin sanyi. An yi waɗannan. Sun taimaka gwargwado, sai dai kurmin da aka buɗe su ma ɓawon itatuwansu ya sha haƙori.

Babban maganin da aka daɗe ana jira shi ne wata doguwar hanyar daji da za ta haɗa gandun da kurmin Horsterwold da ke kudu maso gabas, domin dabbobi su samu inda za su nufa idan sanyi ya matsa. Har an fara sayen gonaki saboda ita. Gwamnatin da ta hau a 2010 ta janye kuɗinta, manoma da dama da ma ba sa so, a 2012 kuma babbar kotun harkokin mulki ta soke tsarin. Daga nan ba a sake komawa kan maganar da gaske ba.

Masu kare tsarin sukan kawo misalin Serengeti a Tanzaniya. A can, bayan an kawar da ciwon bushiya a farkon shekarun 1960, wata babbar dabbar daji mai cin ciyawa da Suwahilawa ke kira nyumbu ta tashi daga kimanin 250,000 zuwa kimanin miliyan 1.3 a 1977, sannan ta tsaya, kuma ƙarancin ciyawar rani ne ya tsayar da ita. Suka ce yunwa ce ke daidaita manyan garkuna ko'ina, ko da akwai zakuna. Masu suka suka amsa cewa nyumbu na tafiyar ɗaruruwan kilomita kowace shekara tana bin ruwan sama, dabbar gandun nan kuwa in ta miƙe, cikin 'yan awoyi ta ci karo da waya.

A waɗannan shekaru jimillar dabbobin ta daina hawa kai tsaye. Takan hau ta sauka tsakanin dubu uku da wani abu zuwa dubu biyar, gwargwadon zafin hunturu. A shekara mai sauƙi kaɗan ke mutuwa, a mai tsanani kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye.

Hunturun 2017 zuwa 2018

Hunturu uku a jere suka zo da sauƙi. Dabbobin da sanyi zai ɗauke ya bar su, suka haihu. Ƙidayar Oktoban 2017 ta ba da 5,230: bareyi kusan 4,000, dawaki dubu da 'yan kai, shanu ɗari biyu da wani abu. Wato sama da manyan dabbobi biyu da rabi a kowace hekta ta tudu, ban da dinya.

Kaka ta zo da ruwa mai yawa, fili ya jiƙe ya zama taɓo, 'yar ciyawar da ta rage aka tattake ta. A ƙarshen Fabrairun 2018 wata iska mai tsananin sanyi ta taso daga gabas ta daskarar da Turai. Tsakanin Disamba da Afrilu bareyi 2,684 da dawaki 467 da shanu 75 suka mutu, jimilla 3,226, wato kimanin kashi 60 cikin 100 na garken. Kusan tara cikin goma harbe su aka yi bisa ƙa'idar da aka gindaya. A takarda, tsarin ya cika burinsa.

A bakin shinge kuwa labari ya sha bamban. Hotunan dawaki da haƙarƙari a waje da tulin gawarwaki suka cika Facebook. Mutane suka riƙa zuwa da motoci da tireloli cike da damman ingirici suna jefawa ta saman waya, dare da rana, 'yan sanda na kora suna dawowa. Wasu suka yanke wayar. Aka riƙa aika wa ma'aikatan gandun saƙonnin barazana, har da barazanar kisa. A farkon Maris gwamnatin lardin Flevoland, wadda ba da daɗewa ba alhakin walwalar dabbobin ya dawo hannunta daga gwamnatin tsakiya, ta ba da umarnin a ciyar, ta kuma fito fili ta ce domin kwantar da hankalin jama'a ta yi haka.

Sabon tsari, daga 2018

Tun kafin wannan hunturu lardin ya riga ya naɗa kwamiti ƙarƙashin tsohon ƙaramin ministan muhalli Pieter van Geel. Rahotonsa ya fito a Afrilun 2018, majalisar lardi ta amince da shi a Yuli. Ya yi watsi da ƙa'idar barin abinci ya yanke hukunci. Ya ce a sauko da garken zuwa kimanin 1,100, daga baya a bar shi ya hau amma kada ya wuce 1,500. Bareyi su koma 490. A dasa itatuwa da tsirrai a kan kimanin hekta 300 domin mafaka, a killace su har su yi ƙarfi. A jiƙa wani ɓangaren tudun saboda tsuntsaye, a kuma rage ruwan wani sashen fadamar na wasu shekaru don iwa ta farfaɗo. Ma'aunin nasara ya koma lafiyar dabbobi da yawan tsuntsayen da aka keɓe wurin dominsu tun farko.

A Disambar 2018 aka fara harbin bareyi, wannan karon lafiyayyu, kuma kafin Afrilun 2019 an harbe sama da 1,700. Naman aka gyara aka sayar wa jama'a, ya kuma samu kasuwa. Dawaki kimanin 150 aka kwashe zuwa Belarus, wasu 'yan kaɗan zuwa Sifaniya, daga baya aka kai wasu mahauta. Abin mamaki, wasu daga cikin waɗanda suka yi zanga-zangar yunwa su ne suka koma zanga-zangar harbi, ƙungiyoyin da ke goyon bayan tsohon tsari kuma suka garzaya kotu. A Nuwamban 2019 wata kotu ta dakatar da harbin, ta ce lardin bai kawo gamsasshiyar hujja kan adadin 490 ba. Aka gyara takardu aka ci gaba.

Mutuwar yunwa ta ragu ƙwarai tun daga hunturun farko. Ciyawa ta yi tsawo a wuraren da a da suke kamar an share, ganyaye masu tsayi da sarƙaƙiya suka dawo. Amma adadin bareyi ya ƙi sauka yadda aka tsara. Shekaru da dama bayan fara harbin, ƙidayar da ake yi da jirgi mai saukar ungulu na nuna sun ninka abin da ake so. Wani ɓangare na dalilin shi ne tsaikon kotu da wahalar samun su idan sun shige cikin iwa. Babban dalilin kuwa shi ne abin da ya cika filin tun farko. Da aka rage bakuna, kowace mace ta ƙoshi, ta ɗauki ciki, ɗanta ya fita hunturu lafiya. Garken da ke ƙasa da iyakar filinsa ya fi kowane garke saurin ƙaruwa. Saboda haka ragewar ta zama aikin kowace shekara.

Hukunci

Ta fuskar ilimin muhalli kaɗai, masu tsarin farko ba su yi ƙarya ba a kan abu guda. Filin ya tsayar da garken. Bai ƙare ƙurmus ba kamar yadda ya faru a tsibirin St. Matthew na Alaska, inda bareyin ƙanƙara 29 da aka saki a 1944 suka kai 6,000 a 1963, suka cinye tsiron da ke ɗaukar shekaru kafin ya dawo, a 1966 aka tarar da 42 kacal. Ciyawar laka na dawowa duk Mayu, don haka garken Flevoland zai iya ci gaba da hawa da sauka har illa ma sha Allahu. Inda suka yi kuskure shi ne ɗaukar cewa wannan tsayuwa za ta zo a hankali ta hanyar raguwar haihuwa. A shanu ne kawai ta zo kusa da haka. A dawaki da bareyi ta zo ne ta mutuwar dubbai cikin makonni kaɗan, saboda ratar da ke tsakanin yalwar Yuli da yunwar Maris ta yi faɗi da yawa a kan wannan ƙasa.

Harbin jinƙai ya gaza ne don ya bi bayan yunwa yana tsintar abin da ta kayar. Ciyarwa ta gaza don tana ɗaga iyakar na wata biyu, ta bar hunturu mai zuwa da ƙarin baki. Mafaka ta rage sanyi ba ta ƙara abinci ba. Ragewa tun kafin sanyi ita ce ta yi aiki, domin ita kaɗai ta taɓa lissafin da kansa, wato baki nawa ne a kan hekta nawa a watan da ya fi kowane wata tsanani.

Ban yarda da masu cewa jama'a sun yi wa kimiyya hawan ƙawara ba. Wanda ya kafa shinge ya riga ya sa hannu a lamarin, ba zai dawo ya ce abin da ke faruwa a ciki ikon daji ne ba. Kuma ko an ajiye batun tausayi gefe, tsarin farko ya ci amanar manufarsa: an kawo dabbobi don su gyara wa tsuntsaye wuri su kuma samar da fili mai gauraye da itatuwa, suka ƙare da aske shi tas. Ban kuma ɗauki 1,100 ko 1,500 a matsayin iyakar da ƙasar ta yanke ba. Ƙasar na iya riƙe ninkin haka a yawancin shekaru. Wannan adadi ne da majalisar lardi ta zaɓa don a samu itatuwa da tsuntsaye da dabbobi masu ƙiba a ƙarshen Maris, kuma kuɗinsa shi ne harbin ɗaruruwan lafiyayyun bareyi duk shekara.

In da za a ɗora laifin a kan mataki guda, ni kan soke hanyar Horsterwold zan ɗora shi, duk da cewa ita ma ba za ta hana fili cika ba. Ƙarin fili na jinkirta cikar ne kawai. Amfaninta shi ne za ta ba garken ƙasa iri biyu, ciyawar laka a watannin ɗumi, kurmi mai tare iska a watannin sanyi, ta kuma bar filin ciyawar ya huta wani ɓangare na shekara, wanda shi ne abin da 'ya'yan itatuwa suka rasa. Kyarkeci ma ya dawo Holan da ƙafarsa daga Jamus, ya haihu a dajin Veluwe a 2019, ƙetaren ruwa daga kurmin da hanyar za ta kai.